Kafin Ki Tafi Abuja da Wannan Tarin

Unguwar Malam Inna,
Gombe.

Zuwa ga 'yata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya tsare min ke a gida da kan hanya, Ya sa Abujar nan da kika ƙwallafa rai a kanta ta karɓe ki da alheri. Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da masu cin gumin 'ya'yan mutane. Amin.

Na san za ki yi dariya ki ce bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, me ya kawo wasiƙa. Ke kika kawo ta. Tun da otal ɗin nan ya kira ki aikin kicin nake neman ki zauna mu yi magana. Da na buɗe baki sai ki ce, "To Dada, na ji," alhali ban faɗi komai ba tukuna. Idan na dage, babanki ya leƙo daga zaure ya ce in bar yarinya ta shirya kayanta. To ga shi a rubuce. Ki karanta har ƙarshe, kada ki duba farko da ƙarshe ki ce min kin gama, na san halinki.

A kan tarin nan naki nake magana. Kada ki ce min wane tari. Wanda yake tashe ki da asuba, wanda kike toshewa da mayafi don kada in ji. Shekaranjiya ina kallonki ta taga kin ɗauko bokitin ruwa daga bakin famfo, kika ajiye shi a tsakar gida kika dafa bango, kika yi kamar kina gyara takalmi. Takalmin silifa, Sa'adatu, me ake gyarawa a jikinsa? Da na tambaye ki, kika ce, "Dada, ki daina damuwa, ni fa nomal nake." Ni za ki faɗa wa nomal? Tun shekarar korona ƙirjinki bai koma daidai ba, kin sani na sani. Ni na fara yin wannan wasan kafin ke, kuma zan gaya miki inda ya kai ni.

Kin taso kin gan ni a bakin murhu, amma kina ƙarama lokacin da sana'ar take sana'a. A garin nan idan ana biki ko suna ko walimar sauka, daga nan unguwarmu har manyan gidajen GRA, ana cewa a nemo Adda Hajara mai girki. Ina da mata da suke aiki a ƙarƙashina, masu wanke-wanke, masu yankan albasa, masu suyar masa. Akwai makon da nake mayar da aiki saboda ya yi min yawa. Ban taɓa awo da cokali ba. Daga bakin ƙofa nake sanin miyar taushe ta nuna, ko shinkafa ta fara kamu a gindin tukunya. Hancina ne jarina, ban sani ba sai da ya tafi.

Da aka fara maganar korona a rediyo, ina cikin masu dariya. Na ce cutar masu hawa jirgi ce, ta yi ta fama da su, mu da muke shan rana a Gombe ina za ta same mu. Takunkumin da aka ce a sa, a haɓa nake rataye shi don kada a hana ni shiga kasuwa. Aka hana taro, biki ya tsaya cak, ni kuwa ina ta faɗa da gwamnati a tsakar gida kamar tana jina. Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da ni. Na ce maleriya ce, na aika kemis aka haɗo min magani. Jikina ya yi ta ciwo kamar an daka ni a turmi. Da na ɗan ji sauƙi na shiga kicin na sa albasa a mai, ina kallonta tana soyuwa, ba na jin komai. Na buɗe gwangwanin daddawa na kafa hancina a ciki, kamar na shinshina ruwa. Na kunna turaren wuta har hayaƙi ya cika ɗaki, babanki yana atishawa, ni shiru.

Babanki ya ce, "Hajara, wannan fa ita ce alamar da suke faɗa. Mu je a gwada ki."

Na ce, "A gwada wa? A ɗauke ni a mota a killace ni, gobe duk Malam Inna a ce mai girki ta kamu? Wa zai ƙara cin abincin hannuna? Idan ka faɗa wa wani, ban yafe ba."

Ya bar maganar, kin san shi. Na zauna a gida ina shan citta da lemun tsami, ina tari a kanku. Bayan 'yan kwanaki ke ma kika kwanta. Ban je asibiti ba, ban kai ki ba. Don haka idan kin je can jikinki ya canza, ki je wurin likita tun ciwon yana ƙarami. Kada ki tsaya a kemis yaro ya haɗa miki ja da fari a leda. Mutanen da na ji tsoron bakinsu, ba ko ɗaya a cikinsu da ya zo ya ɗauke min nauyin da ke ƙirjina yau.

Zazzaɓi ya tafi, na ɗauka magana ta ƙare. Da aka sassauta kulle aka fara ɗan taro, ni ce ta farko da ta fito da tukwane. Ina hawa ɗan tudun ƙofar gida ina haki, amma na ce zama ba nawa ba ne, wasu za su ƙwace min gidajen da nake yi wa aiki. Na koma cikin hayaƙin itace daga safe har yamma. Idan numfashina ya sarƙe sai in zagaya bayan rumfa in tsuguna, in dawo ina yi wa mata tsawa don kada su lura. Na daɗe ina haka. Ranar da na faɗi a gefen murhu har zanina ya kusa kamawa, ranar aka kai ni asibiti ba da shawarata ba. Likitan ya saurari bayana ya daɗe, ya ce, "Mama, me ya sa sai yanzu?" Ya ce huhun ya ji jiki, da na huta a lokacin da ya kamata da bai kai haka ba, kuma ni da hayaƙi mun rabu. Na ce masa to da me zan ci abinci? Ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa.

Ke yanzu kicin ɗin otal za ki shiga. Na yarda gas ne ba itace ba, kin faɗa min har na haddace. Amma tsayuwa ce daga safe zuwa dare, ga tururi, ga zafin mai, ga ɗakin sanyi da za a riƙa aikenki ciki da gumi a jiki. Kina ganin ƙirjin da bokiti ɗaya ya gagara zai ɗauki wannan a haka? Ba cewa nake kada ki yi aiki ba. Cewa nake jiki idan ya ce ki tsaya, ki tsaya. Ranar da kika faɗi a kicin ɗinsu, kafin ki farfaɗo sun sa wata a gurbinki, ko sunanki ba za su tuna daidai ba.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru a bikin GRA, tunda abin da kika sani kawai shi ne na dawo na rufe ɗaki. Wata Hajiya ce da na daɗe ina yi wa girki za ta aurar da 'yarta, ta ce ba wadda za ta taɓa mata tukunya sai ni. A lokacin hancina bai dawo ba, harshena ma gishiri da yaji kawai yake rarrabewa. Ban faɗa mata ba. Ban faɗa wa kowa ba, har matan da muke aiki tare. An kawo nama tun ana gobe biki aka zuba a firiza, wuta ta ɗauke, ba wanda ya kula. Da safe muka buɗe, na duba da ido na ga ba laifi. Ladi, wadda ta fi kowa daɗewa tare da ni, ta matso ta ce a hankali, "Adda, naman nan kamar ya ɗan juya."

Na ce, "Ni za ki koya wa nama, Ladi? Tun kafin ki iya riƙe wuƙa nake wannan aikin. Wanke ki zuba."

Ta wanke ta zuba. Sauran suka kalli juna, ba wadda ta ƙara magana, don na saba musu da cewa idan na yi magana an gama. Aka kai abinci gaban dangin ango, baƙi daga wani gari. Ina daga bayan gida na ga kwanuka suna dawowa a cike. Can Hajiya ta aiko a kira ni. Na same ta a tsaye a kicin ɗinta, ga kwalliyar biki a jikinta, idonta ya yi ja.

Ta ce, "Adda Hajara, me na yi miki?"

Ta buɗe kwano ta miƙo min, ta ce, "Shinshina ki ji." Na karɓa na shinshina, a gabanta, na ce mata gaskiya ba na jin komai, tun ciwon da na yi. Ta ce, "Da kin gaya min ai da na sa ƙanwata ta tsaya kusa da ke, ke ki yi girkinki ita ta riƙa ɗanɗanawa. Yanzu me zan ce wa surukaina?"

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Allah Ya taimaka ba wanda ya ci da yawa, amma labari ya riga ni isowa gida. Daga wannan ranar wayata ta yi shiru.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: ki gaya wa shugabar kicin ɗin nan halin da kike ciki tun ranar farko. Ki ce mata kina da matsalar ƙirji, kina shan magani, hayaƙin suya mai yawa yana tayar miki da shi. Na san abin da za ki ce, za su fasa ɗaukarki. Wataƙila. Amma wanda ya ɗauke ki yana sane, zai san inda zai tsayar da ke. Wanda ya gano da kansa a tsakiyar aiki, maƙaryaciya zai kira ki, kuma wannan sunan yana bin mutum daga kicin zuwa kicin. Sannan duk ranar da Allah Ya ɗaga ki aka sa wasu a ƙarƙashinki, kada ki zama irina. Ki bar musu ƙofar da za su ce miki kin yi kuskure.

Bayan wannan na zauna jiran abubuwa su koma yadda suke. Wannan wautar ta fi ba ni haushi a kan duk sauran, don ita ce ta fi cin lokaci. Kullum ina cewa bari cutar ta wuce sarai, manyan bukukuwa za su dawo, za a neme ni. Cutar ta wuce, bukukuwan suka dawo, amma ba irin waɗanda na sani ba. Mutane sun ɗanɗana ƙaramin taro lokacin kulle sun ga ba a mutu ba, ga tsadar kaya ta zo ta ƙara musu hujja. Wanda da zai kira mai girki ta kwana biyu a gidansa da mata goma, yanzu waya yake ɗagawa a kawo masa abinci a robobi, kowa ya ɗauki tasa ya tafi. Yara sa'o'inki, waɗanda lokacin kulle suka fara sa hoton abinci a waya, su suka kwashe aikin. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina cewa abincin roba ba abinci ba ne.

Maman Obinna, mai sayar da manja da agushi a babbar kasuwa, wadda nake sayen kaya a wurinta tun kafin a haife ki, ita ta zo har gida. Su ma kullen ya taɓa su, mijinta ya rufe shagonsa na kayan gini bai sake buɗewa ba. Ta zauna ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Hajara, ke kina jiran wa? Ni yanzu rabin cinikina a waya ne, mai keke yana kai wa mutane har gida. Kawo wayarki Obinna ya gyara miki, ki yi dambun nama, ki yi yaji, mu sa a shagona."

Na ce, "Ni da nake ciyar da unguwa guda zan koma ƙulla yaji a leda?"

Ta ce, "To zauna. Unguwar tana cin abinci, ba ta jira ki ba."

Na yi fushi da ita har na daina bi ta layinsu a kasuwa. Kafin in sauko in koma in ba ta haƙuri, matan da suke aiki da ni duk sun watse. Ɗaya ta koma ƙauyensu, ɗaya tana suyar awara a bakin makaranta, wata har yau wanki take yi a gidajen mutane, macen da ta iya sinasir fiye da ni. Ba ni kaɗai taurin kaina ya kayar ba.

Ki dubi babanki ma. Shekara nawa yana koyarwa a makarantar kuɗin nan? Da aka rufe makarantu suka ce ba karatu ba albashi. Da aka buɗe suka kira rabin malamai, suka ɗora musu aikin sauran, shi suka ce za su neme shi. Ya goge takalmi ya ajiye yana jira. Da ya gaji ya je wasu makarantun, suka ce yara masu jini a jika suke so, waɗanda suka iya kwamfuta. Yau yana zaune a shagon cajin waya, mutumin da ɗalibansa suke aiki a manyan ofisoshi, ga hawan jini da bai san shi ba a da. Kuma shi ne mai ce min in bar yarinya ta shirya kayanta! Wallahi ku biyun nan kun ishe ni.

Saboda haka, aikin nan da kike rawar kai a kansa, ki riƙe shi da kyau, amma kada ki ɗauka gidan ubanki ne. Na tambaye ki idan kin kwanta ciwo za su biya ki, kika ce ba ki tambaya ba. Na tambaye ki ɗaukar dindindin ce ko ta gwaji, kika ce wata ƙawarki ta ce suna da kirki. Haba Sa'adatu! Kirki ne zai kai ki asibiti? Ki tambaya, da ladabi, amma ki tambaya, kuma a rubuta miki. Duk abin da ake yi a kicin ɗin nan ki sa ido ki koya, har wanda ba a sa ki ba, burodinsu, kek ɗinsu, yadda suke sayen kaya, yadda suke ajiya. Ki riƙe masu saye biyu uku naki na kanki ko da cincin ne kike yi musu ranar hutu. Ni na ga ranar da aka wayi gari aka ce kowa ya zauna a gida, ban taɓa zaton za a yi ba. Ba na fatan ta dawo, amma ba wanda zai ƙara rantse min cewa ba za ta dawo ba.

Kin san yadda nake yanzu. Hancin ya dawo rabi, kuma ya dawo a karkace. Albasa tana min warin ƙonanniyar roba, naman da kowa yake santi ni warin kwata nake ji. Ina yin dambun nama da yaji a kan ɗan gas, Maman Obinna tana sayarwa, Ladi ta dawo muna yi tare, Allah Ya saka mata. Ke ce kike ɗanɗana min kafin a ƙulla. Kada ki ɗauka ban yi tunanin hana ki tafiya don wannan ba. Na yi, har na shirya abin da zan faɗa wa babanki. Sai na ga karatunki ya riga ya tsaya sau ɗaya saboda cutar nan, kin zauna a gida kina jinyata lokacin da sa'o'inki suka wuce. Ba zan ƙara tsayar da ke don harshenki ba. Ladi za ta ɗanɗana. Matsalarta ɗaya, tun abin da ya faru komai na ba ta sai ta ce ya yi daɗi, sai na rantse mata ba zan yi faɗa ba sannan take faɗin gaskiya. Za mu saba.

Sauran abubuwan kin san su, ba sai na cika takarda ba. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da a lungun sito ne. Ki ci abinci, masu aikin kicin su suka fi kowa zama da yunwa. Ki gaishe da goggonki da za ki sauka a wurinta, ki taya ta aikin gida, amma shara da turaren wuta ki ce mata ba kya iyawa, ba rashin kunya ba ne. Kada ki kwana a ƙarƙashin fanka da jiƙaƙƙen kai.

Motarku jibi ce. Gobe da safe kada ki sa wa kanki wata hidima, ba sallama da ƙawaye, ba zuwa wurin tela. Asibiti za mu je a duba ƙirjin nan, a ba ki abin shaƙa da duk abin da ya kamata ki tafi da shi. Na riga na gaya wa mai keke ya zo. Na kuma san abin da za ki jefe ni da shi, za ki ce ni da likita ya ce in riƙa komawa, sau nawa na koma. Ban koma ba ko sau ɗaya. To na ciro katina, yana cikin jakata. Ni zan fara shiga, kina zaune kina kallo, sannan ke. Idan kika ƙi, ki sani da ƙafata zan je tasha in zauna a kujerarki, mu ga wanda zai tashe ni.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa albarka a hannunki fiye da yadda Ya sa a nawa. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya dawo min da ke da ƙafafunki. Na yafe miki duniya da lahira, har da taurin kan, tunda na san inda kika samo shi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hajara.